Buƙata Ta Ƙaru, Asusu Ya Bushe: Halin da Ƙungiyoyin Agaji Ke Ciki a Najeriya

A watan Yulin 2025, Hukumar Samar da Abinci ta Duniya, WFP, ta yi gargaɗin cewa kuɗinta sun ƙare a arewa maso gabashin Najeriya. Ta ce matuƙar ba a kawo mata ɗauki ba, za ta dakatar da tallafin abinci ga mutum miliyan 1.3, kuma cibiyoyin kula da yara masu tamowa fiye da 150 a jihohin Borno da Yobe za su rufe. A cikin wannan watan dai, ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, sanadiyyar rashin abinci mai gina jiki. Waɗannan manya ne, masu ofisoshi a ƙasashe da dama, masu muryar da duniya ke ji idan sun yi kuka. To ina ga gidan marayun unguwa, da ƙungiyar matan da ke biya wa marasa lafiya kuɗin magani, da samarin da ke gyaran rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka? Su nasu kukan ba ya fita jarida. Wata rana kawai za a wayi gari a ga kwaɗo a ƙofar ofishinsu.

Mutane da yawa suna ɗora laifin duka a kan tsadar rayuwa da janyewar tallafin Turawa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Matsin tattalin arziki ya tona rauni ne da ya daɗe a jikin ƙungiyoyinmu: dogaro da mai bayarwa guda, rashin tanadin ko-ta-kwana, da wata al'ada da muka saba da ita ta ƙin biyan kuɗin gudanar da aikin alheri. Kafin a zo nan, ya kamata a fara ganin yadda matsin ya shigo.

Kuɗin aiki sun tashi

Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kai 617 a watan Yuli, kafin watan Oktoban 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta kai kusan 1,500 a farkon 2024. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, ta kayan masarufi gaba ɗaya kuma ta kai kashi 34.8 a watan Disamba.

Ɗan kasuwa idan kaya sun yi masa tsada, sai ya ƙara wa mai saye. Ƙungiyar agaji ba ta da wanda za ta ƙara wa, domin maraya da gwauruwa ba saye suke yi ba. Bugu da ƙari, yawancin tallafin da ƙungiyoyi ke samu ana rattaba masa hannu ne a kan kasafin da aka tsara tun kafin a fara aiki, wani na shekara ɗaya, wani na shekara uku. A ɗauki ƙungiyar da ta rubuta naira 200,000 a matsayin kuɗin mai na wata a farkon 2023. A lokacin wannan kuɗi lita 1,000 ne har da ɗoriya. Zuwa ƙarshen 2024 bai kai lita 200 ba. Ƙauyukan da za a je ba su matso kusa ba, yawan mutanen da aka yi alƙawarin kaiwa gare su bai ragu a takarda ba, amma motar ba za ta iya yin ko kwatan tafiyar da aka tsara ba. Haka lissafin yake a buhun shinkafa, da katon ɗin magani, da kuɗin haya, da man janareta.

Akwai wata ɓaraka da ba a cika faɗa ba. Ƙungiyar da ke riƙe da kuɗinta a dala ta samu sauƙi da faɗuwar naira, domin kowace dala ta zama naira mai yawa. Amma ƙananan ƙungiyoyin gida da manyan ke bai wa aikin shiga ƙauyuka, sau da yawa da naira aka ƙulla yarjejeniyarsu. Don haka asarar canji a kansu ta sauka, alhali su ne mafi ƙarancin ƙarfin ɗaukarta.

Masu bayarwa sun ja baya

A gida, mutumin da ya fi riƙe ƙananan ƙungiyoyi shi ne ma'aikaci da matsakaicin ɗan kasuwa, mai bayar da dubu biyar yau, dubu goma bayan an yi albashi. Shi ne kuma tsadar rayuwa ta fi taɓawa. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, amma farashin kaya ya riga ya cinye ƙarin tun kafin ya shiga aljihu. Wanda a da yake ciyar da gidansa har ya tuna da marayu, yanzu ƙannensa da 'ya'yan 'yan uwansa sun tsaya masa a ƙofa. Dangi ne kan gaba, kuma babu mai ganin laifinsa.

Ita ma zakka, wadda ita ce ginshiƙin taimako a wajenmu, matsin ya shafe ta ta wata hanya da mutane ba su lura ba. Nisabin kuɗi, ga masu lissafi da zinare kamar yadda aka fi yi a nan, kimanin giram 85 ne. Naira ta faɗi, zinare kuma ya yi tashin da bai taɓa yi ba a kasuwar duniya, har ya wuce dala 3,000 kowane oza a watan Maris na 2025. Sakamakon haka nisabi a naira ya ninka ninki-ba-ninki. Ɗan kasuwar da jarinsa bai ƙaru ba, wanda shekarun baya yake fitar da zakka, yau yana iya samun kansa ƙasa da nisabi. Masu fitarwa sun ragu a daidai lokacin da masu karɓa suka yawaita.

Kamfanoni ma ba su tsira ba. Gidauniyoyin kamfanoni da yawa daga ribar shekara ake yanka musu kasonsu, to shekarar da babu riba fa? MTN Najeriya, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ƙasar, ta bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023, da kusan biliyan 400 a 2024, galibi saboda faɗuwar naira. Wasu kamfanonin waje, irin su GSK da Procter & Gamble, sun sanar da rage harkokinsu a ƙasar tun a 2023. Bashin banki kuwa ba hanya ba ce ga ƙungiyar da ba ta neman riba, ballantana da Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 a watan Nuwamban 2024.

Ana cikin wannan sai babbar ƙofa ta rufe. Ranar 20 ga Janairun 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje na kwana 90. A watan Maris, Sakataren Harkokin Wajen ƙasar, Marco Rubio, ya sanar da soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen hukumar tallafi ta USAID, kuma a farkon Yuli aka rufe hukumar. Tallafin Amurka ga Najeriya ya kai kimanin dala biliyan ɗaya a 2023, mafi yawansa a fannin lafiya da jinƙai. Birtaniya, wadda ta rage nata daga kashi 0.7 na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.5 a 2021, ta sanar a watan Fabrairun 2025 cewa za ta sake rage shi zuwa 0.3 nan da 2027 domin ƙara kasafin tsaro. Wasu ƙungiyoyi da wasiƙa ɗaya aka ce musu su tsayar da aiki nan take, suna da ma'aikata a fili, da hayar da suka ci bashi, da marasa lafiyar da ke tsakiyar shan magani.

Layi ya ƙara tsawo

Yadda buƙata ta kai ya fito fili a watan Disamban 2024. Cikin 'yan kwanaki, yara 35 suka rasu a turmutsitsin wani taron rabon kyauta a Ibadan, mutum 22 a wajen rabon shinkafa a Okija ta jihar Anambara, wasu 10 kuma a wata majami'a da ke Maitama a Abuja. Yunwa ta turo jama'a fiye da waɗanda masu rabo suka shirya wa.

Wanda yake son ganin abin da ƙarancin kuɗi ke yi da idonsa, ya leƙa cibiyar kula da yara masu tamowa da safe. Iyaye mata na zaune a kan tabarma, kowace da goyonta. Ma'aikaciya tana ɗauke da wani ɗan siririn ma'auni mai launi uku, tana zagaya shi a damtsen yaro. Kore, lafiya lau. Rawaya, tamowa ta fara kama shi. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaro na cikin haɗari. Lokacin da akwai kuɗi, da mai rawaya da mai ja duk suna tafiya gida da ƙunshin abincin nan na musamman da ake yi da gyaɗa da madara. Idan katon-katon suka ragu a sito, dole a fara zaɓe. Sai a bai wa mai ja, a ce wa uwar mai rawaya ta yi haƙuri ta koma. Bayan 'yan makonni sai ta dawo da shi ya zama ja, wataƙila har da kumburin ƙafa, yana buƙatar gado da ƙarin ruwa da jinyar da ta fi ta farko tsada nesa ba kusa ba. Tsimin da aka yi a watan jiya shi ake biya ninki a wannan watan, wani lokaci da ran yaron. Kusan kowane fanni haka yake: abin da aka fara yankewa shi ne rigakafi, domin rashinsa ba ya nuna kansa nan take.

Ga kuɗi a banki, babu na albashin mai gadi

A nan ne raunin da na ambata yake. Mafi yawan kuɗin da ƙungiyoyi ke samu, ɗaurarru ne. Mai bayarwa ya ce na rijiya ne, ko na gidan sauro, ko na horar da mata ɗinki, kuma ba a yarda a taɓa ko kwabo a wani abu daban ba. Wannan sharaɗi yana da dalili, domin an sha cin amana. Amma ga abin da yake haifarwa: ƙarshen wata ya zo, ma'aji ya buɗe littafinsa, ya ga miliyoyi a asusun aikin rijiya, amma babu abin biyan mai gadi, babu na wutar lantarki, babu na akawun da zai rubuta wa mai rijiyar rahoton yadda aka kashe kuɗinsa. Idan ya ranta daga can ya saɓa yarjejeniya. Idan bai ranta ba ofis ya tsaya.

Mu kanmu masu bayarwa na gida muna da hannu a wannan. Muna son a ce mana kowace naira ta shiga bakin maraya. Da mun ji ƙungiya na biyan albashi ko ta sayi kwamfuta, sai mu fara zargi. Su kuma shugabannin ƙungiyoyi, don gudun zargin, sai su riƙa nuna kamar aikinsu ba ya cin kuɗin gudanarwa, mai bayarwa ya ƙara sakankancewa cewa haka ya kamata. Tun a 2009 wasu masana biyu a Amurka, Ann Goggins Gregory da Don Howard, suka yi rubutu a kan yadda wannan zagaye ke kashe ƙungiyoyi da yunwa sannu a hankali. Alhali addininmu ya warware wannan tun tuni: cikin rukuni takwas na masu cin zakka akwai ma'aikatan da ke tattara ta su raba ta. Aikin alheri yana da ɗawainiya, kuma halal ne a biya ta.

Ƙungiyar da ba a ba ta kuɗin gudanarwa ba, ba za ta taɓa ajiye komai ba. Shawarar da masu harkar suka fi bayarwa ita ce a riƙe abin da zai ɗauki ofis wata uku zuwa shida ko da ba a samu sisi ba. Ƙananan ƙungiyoyinmu kaɗan ne ke da na wata guda. Shi ya sa jinkirin biya na mako shida, wanda a wajen babbar ƙungiya ciwon kai ne kawai, yake zame wa ƙarama ajali. Kuma abin da ake fara rasawa shi ne mutane. Ma'aikaciyar jinyar da ta yi shekaru tana shiga gida-gida, wadda mai unguwa ya sani, matan ƙauye suka yarda da ita, idan aka sallame ta ta kama wani aiki, ko kuɗi sun dawo ba za a sayo wannan yarda a kasuwa ba.

Manyan masu bayarwa na duniya sun san da matsalar. A taron jinƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016, sun yi alƙawarin cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin gida kai tsaye gwargwadon iko. Wa'adin ya wuce ba a cika ba.

Abin da ya faru a Amurka lokacin karayar tattalin arziki ta 2008 ya nuna bambancin da tsari ke kawowa. Dukiyar ajiya ta Jami'ar Harvard ta ragu da kusan kashi 27 cikin 100 a shekara guda. An tsuke bakin aljihu, an dakatar da wasu gine-gine, amma karatu bai tsaya ba. Gidauniyar JEHT kuwa, mai tallafa wa gyaran harkar shari'a, ta rufe a farkon 2009, domin dukiyar masu ɗaukar nauyinta tana hannun Bernard Madoff, wanda damfararsa ta tonu a watan Disamban 2008. Guguwa ɗaya ce ta same su, amma mai tanadi da hanyoyin shiga da yawa ya jigata ne kawai, mai hanya ɗaya kuma ya tafi.

Ina mafita?

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk da haka, wanda tafiyar ta riga ta kama yana da abin yi. Kwamitin amintattu ya zauna ya ware aikin da in an bar shi rai zai salwanta, ya kare shi, ya dakatar da sauran da wuri, maimakon a yanka wa kowane aiki kaɗan-kaɗan har duka su lalace. A je wa mai bayarwa da alƙaluma tun kafin kuɗi su ƙare, a nemi sake duba kasafi bisa sabon farashi. A sabuwar yarjejeniya kuma a nemi a rubuta yadda za a yi idan naira ta sake faɗi. Ƙungiyoyi uku masu aiki iri ɗaya a ƙaramar hukuma ɗaya ba su da dalilin biyan haya uku da akawu uku. Haɗa ofis da mota da sito ba faɗuwar girma ba ne.

Magani mai ɗorewa kuwa yana cikin abin da muka gada. Wakafi, wanda ake kira hubusi a wasu wurare, shi ne a tsayar da dukiya, a riƙa ciyar da amfaninta. Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya a Madina ya bar wa jama'a ita ce misalin da kowa ya sani, kuma wakafi ne ya riƙe Azhar ta Masar ɗaruruwan shekaru. Jihohi irin su Zamfara da Sakkwato da Kano suna da hukumomin zakka da wakafi, wasu masarautun Jigawa kuma suna da kwamitocin da ke tattara zakkar amfanin gona. Amfanin wannan a lokacin hauhawar farashi a bayyane yake. Naira miliyan ɗaya da aka ajiye a banki a 2023 ta rasa kaso mai yawa na abin da za ta iya saye, amma buhun gero ɗari da ke rumbu buhu ɗari ne har gobe, kuma hayar shago tana bin farashin kasuwa. Attajirin da ke raba miliyoyi a watan azumi, da zai ware wani kaso ya gina jerin shaguna ya tsayar da su ga gidan marayu, da ya ciyar da su har bayan ransa. Ga masu gudun kuɗin ruwa, akwai takardun sukuk da Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017, da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz.

Sai ƙaramin mai bayarwa, wanda aka daɗe ana rainawa. Mutum 2,000 da suka ɗauki alƙawarin naira 1,000 kowane wata sun tara miliyan biyu, kuma babu wata wasiƙa guda da za ta tsayar da su gaba ɗaya rana ɗaya. Da waya a hannun kowa, tura kuɗin ba wahala. Abin da ke hana wannan tafiya shi ne rashin yarda, kuma ƙungiyoyi ne za su gyara shi. A yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a raba asusun ƙungiya da aljihun shugaba, a sa hannu biyu kafin a fitar da kuɗi, a kawo mai binciken kuɗi daga waje duk shekara, a manna sakamakon a allon ofis da na masallaci, a sa shi a Facebook da WhatsApp. A faɗi albashi da haya ƙarara, ba tare da jin kunya ba.

Gwamnati ma ba za ta zame ba. Ƙarin dala miliyan 200 da aka sa wa fannin lafiya a kasafin 2025 don cike giɓin da Amurka ta bari abin yabo ne, amma bai kai girman ramin ba. Tun a 2001 shugabannin Afirka suka amince a Abuja cewa za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, Najeriya kuwa har yau tana yawo ne a wajen kashi 5. Ciyar da yaro mai tamowa a Katsina ko Maiduguri haƙƙi ne a wuyan hukuma. Ƙungiyoyi masu taimaka mata ne, bai kamata su zama madadinta ba.

Babu alamar tallafin waje zai koma yadda yake nan kusa, domin ƙasashen da ke bayarwa sun karkata ga makamai da matsalolin gidajensu. Saboda haka ragowar aikin namu ne. Mai hali ya tsayar da wakafi tun yana raye, ya rubuta shi a gaban shaidu. Mai albashi ya zaɓi ƙungiya ɗaya da ya san aikinta ya riƙa ba ta wani abu duk wata, ya kuma yarda a biya mai gadi da akawu daga ciki. Ita kuma ƙungiyar da ke son a riƙe ta da kuɗin jama'a, ta buɗe littafinta ga duk wanda ya nemi gani, tun kafin ya tambaya.